Abin da ke faruwa idan roka ta fesa ilektiron cikin filasmar sama

A ranar 26 ga Janairun 1969 wata roka ƙirar Aerobee ta tashi daga tsibirin Wallops da ke gaɓar jihar Birjiniya a Amurka, ɗauke da bindigar ilektiron, wato na'urar da ke fesa ƙananan ƙwayoyin nan masu ɗauke da cajin lantarki na negetif. Da ta haura kilomita 200 sai ta shiga yin harbi a gajere a gajere, ƙarfin bai kai bolt 10,000 ba, kwararar kuma kusan rabin amfiya (ma'aunin kwararar lantarki). Kyamarorin talabijin masu gani cikin duhu da aka girka a ƙasa suka kama wasu siraran layukan haske a wajen kilomita 100 da ɗoriya. Masanin kimiyya Wilmot Hess da abokan aikinsa sun kunna hasken orora da hannunsu, irin wanda ke wasa a samaniyar Alaska da Nowe, sai dai nasu mai rauni ne ƙwarai.

Hasken kansa bai ba masana mamaki sosai ba. Tun farkon ƙarni na 20 Kristian Birkeland na ƙasar Nowe ya riƙa harba ilektiron kan wata ƙwallo mai maganaɗisu a ɗakin gwaji, yana ganin zoben haske a ƙarshenta biyu. Abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne yadda feshin ya bar jikin rokar, ya yi tafiyarsa, ya isa inda aka aike shi. Lissafin da ake da shi a lokacin ya hango shinge biyu: ko dai rokar ta cika da caji ta janyo ilektiron ɗinta su dawo, ko kuma filasmar da ke hanya, wato iskar sama mai cajin lantarki, ta wargaza feshin kafin ya yi nisa. Duka biyun suna faruwa, amma ba yadda aka zata ba, kuma kusan duk abin da aka koya a shekarun da suka biyo baya daga wannan saɓani ya fito.

Daga wajen kilomita 60 zuwa kusan 1,000 a sama, hasken rana mai ƙarfi yana fizge ilektiron daga ƙwayoyin iska, ya bar su suna yawo tare da ayon, wato ƙwayoyin da aka fizge wa ilektiron suka zama masu cajin fozitif. Wannan gauraye shi ne filasma, sunan da Irving Langmuir ya raɗa masa a 1928, yankin kuma ake ce masa ayonosfiya. Inda ta fi kauri, wajen kilomita 300, da rana akan sami ilektiron kusan miliyan ɗaya a gurbin da bai wuce santimita ɗaya ta kowane gefe ba. Duk da haka iskar da ba ta da caji ta ninka su kusan sau dubu a wurin, a ƙasa-ƙasa kuwa ratar ta fi haka nesa ba kusa ba. Sai kuma maganaɗisun duniya, wanda ke hana ilektiron tafiya kai tsaye. Ilektiron da aka tura da bolt 10,000 yana gudun kusan kilomita 59,000 a sakan, wato kashi ɗaya cikin biyar na gudun haske, amma yana tafiya ne yana murɗawa kewaye da layin maganaɗisu, zagaye kusan miliyan 1.4 a sakan, kuma ba ya nisanta daga layin fiye da 'yan mitoci. Saboda haka duk inda aka saita bakin bindiga, layin maganaɗisu ne zai ja feshin ya bi.

Ɓangaren da ya fi sauƙi shi ne karo. Idan feshin ya gangaro inda iska ta yi kauri, kowane ilektiron yana bangazar ƙwayoyin naitirojin da oksijin, yana fizge musu nasu ilektiron. Kowace fizga tana cin kusan bolt 35 daga ƙarfinsa, don haka mai bolt 10,000 yakan bar sababbin ilektiron kusan 280 a bayansa kafin ƙarfinsa ya ƙare, a wajen kilomita 105. Mai bolt 1,000 tun wajen kilomita 150 yake tsayawa, mai bolt 40,000 yakan kutsa har wajen 90. Ƙwayoyin da aka bangaza su ne ke ba da haske. Naitirojin yana fitar da shuɗi mai ratsin shunayya nan take, koren oksijin yana jinkirin kusan sakan 0.7, jansa kuwa sai ya jira kusan sakan 110, shi ya sa a ƙasa-ƙasa wata ƙwayar kan buge shi ta ƙwace ƙarfin kafin ya haska. Masu gwaji sun fi dogara da shuɗin, domin shi ne ke nuna daidai lokaci da wurin da feshin ya sauka. Ƙarin filasmar da aka samar ba ta daɗewa. A wannan tsayi cikin 'yan sakanni ilektiron da ayon sun sake haɗewa. Da a ce nan maganar ta tsaya, da lissafin takarda ya wadatar, ba sai an tashi roka ba.

Matsala ta farko tana jikin rokar kanta. Duk ilektiron da ya fita ya tafi da cajin negetif, ya bar rokar da giɓi. Ƙarfe mai girman mita ɗaya ko biyu ba ya iya riƙe caji mai yawa: idan yana zubar da rabin amfiya babu abin da ke dawo masa, cikin kusan kashi biyu cikin miliyan na sakan zai kai bolt 10,000, daga nan kuma duk abin da bindigar ta harba zai juyo ya faɗo masa. Dole ne filasmar da ke kewaye ta mayar masa da ilektiron daidai yawan wanda ya fitar. A 1967 masana biyu, Parker da Murphy, suka nuna cewa maganaɗisu yana taƙaita wannan mayarwa ƙwarai, tunda ilektiron ba ya son tsallake layi, sai waɗanda ke kan layukan da suka ratsa kusa da rokar ne kaɗai za su iya isowa. Wannan tsoro ne ya sa Hess ya ɗora wa rokarsa wani faffaɗan faifan leda mai rufin alminiyam, faɗinsa ya haura mita 20, don ya tattaro ilektiron. Faifan bai buɗe yadda aka tsara ba. Feshin kuma ya fita abinsa.

Dalilin shi ne rokar da ke harbi tana sauya wurin da take ciki. Feshin yana fasa iskar da ke gefenta, da iskar da jikinta ke fitarwa, ya mai da su filasma. Ilektiron da cajin rokar ke janyowa su ma suna samun gudu, su fasa wasu ƙwayoyin a hanya. Kafin a ankara rokar ta lulluɓe da gajimaren filasma mai zafi wanda ita ta haifar, shi ke ciyar da ita. Wannan yana tafiya daidai ne a inda iska ke da ɗan kauri. Idan aka yi sama sosai taimakon yakan ragu, an kuma auna rokokin da cajinsu ya kai dubban bolt. Kumbon Columbia ya ɗanɗana wannan a ƙarshen 1983, lokacin gwajin SEPAC da Tatsuzo Obayashi na Japan ya jagoranta. Jikin kumbon kusan duk a rufe yake da tayil ɗin kare zafi wanda lantarki ba ya bi, ƙarfen da ke waje mafi girma shi ne bakunan injinansa na baya. Idan bakunan suna fuskantar inda kumbon ya dosa, suna kwasar filasma, caji ya zauna ƙasa. Idan suka koma bayan jiki inda filasma ta yi ƙaranci, caji ya haura har ya kusa kamo ƙarfin bindigar. Maganin da aka samu shi ne a saki iska ko filasma da gangan a lokacin harbi. Da aka maimaita gwajin a kan kumbon Atlantis a Maris ɗin 1992, tare da na'urar da ke fitar da filasmar iskar zenon, an harba fiye da amfiya ɗaya, aka kuma ɗauki hoton ororar da feshin ya kunna daga kan kumbon kansa.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, ita ce kuma a ganina zuciyar al'amarin. Filasma ba tarin ƙwayoyi ne da kowa ke sha'aninsa ba. Idan aka ture ilektiron ɗin wani wuri gefe guda, ayon da aka bari a baya za su janyo su, su dawo da gudu su zarce, a sake janyo su, haka dai. Wannan kai-komo yana da ƙa'idar saurinsa, wanda yawan ilektiron ke yankewa: a inda suke miliyan ɗaya a santimita, sau kusan miliyan tara ne a sakan. Shi ya sa ma ayonosfiya ke iya dawo da gajeren zangon rediyo ƙasa. To idan feshi mai gudu ya ratsa ta ciki, akwai igiyar da gudunta ya yi kusan daidai da nasa. Kamar lilo ne: ƙaramin turi, in dai yana zuwa a kan gaɓa kowane zagaye, sai ya ɗaga yaro sama. Ilektiron ɗin feshin suna tura igiyar a kan gaɓa, igiyar tana girma, girmanta yana tattara su dunƙule-dunƙule, dunƙulewar tana ƙara wa turin ƙarfi. Akhiezer da Fainberg a Tarayyar Sobiyet, da Bohm da Gross a Amurka, kowanne ɓangare ya fitar da lissafin wannan a 1949. Bisa lissafin, feshi irin na Hess ya kamata ya zubar da babban rabo na ƙarfinsa cikin igiyoyi tun bai yi nisan kirki ba.

A kusa da roka haka ɗin ake gani. Na'urori suna kama hayaniyar rediyo mai ƙarfi, ana samun ilektiron masu zafin da ya ninka na ayonosfiya sau da yawa, har a wajen layin da feshin ya bi. Vladimir Zakharov ya bayyana wani yanki na abin a 1972. Idan igiyar ta yi ƙarfi, matsinta yana korar filasma daga inda ta fi tsanani, sai ɗan rami ya samu. Ramin yana kama igiyar ya matse ta, matsewar ta ƙara mata tsanani, ramin ya ƙara zurfi da ƙanƙancewa, har abin ya rufta ya juye ƙarfinsa kan ilektiron ɗin wurin. Wasu daga cikinsu sukan tashi da ƙarfin gomman bolt ko ɗaruruwa. Wannan kuwa ya isa su fasa ƙwayar iska, tunda naitirojin bolt 16 kawai yake buƙata.

Daga nan sai abu ya kama ci da kansa. A ƙarshen shekarun 1970 William Bernstein da abokan aikinsa suka gwada shi a katafaren ɗakin da ake zuƙe wa iska a cibiyar Johnson ta NASA da ke Houston, wanda aka gina don gwada kumbon Apollo. Suna ƙara kwararar feshi a hankali. Da farko ana ganin siririn zare mai haske yana murɗawa, yana tsukewa yana buɗewa a tazara daidai wa daida, kamar yadda lissafin ilektiron ɗaya-ɗaya ya ce. Da kwararar ta tsallake wani mizani, farat ɗaya zaren ya ɓace, wani faffaɗan ginshiƙin haske ya maye gurbinsa, hayaniyar rediyo ta yi tsalle, yawan filasma ya ninka. A wannan hali ba ilektiron ɗin bindiga ne ke yin yawancin fasa iskar ba; 'yan gida ne da igiyoyi suka zaburar. Sun fasa iska, filasma ta ƙaru, igiyoyi suka ƙara samun abin kaɗawa, aka sake zaburar da wasu. Mizanin yana sauka idan maganaɗisu ya ƙaru ko tafiyar feshin ta ƙara tsawo, yana hawa idan aka ƙara ƙarfin bolt. An daɗe ana ja-in-ja kan ko abin da ke kunnuwa a ɗaki mai bango shi ne ke kunnuwa a sarari inda roka ke gudu tana barin filasmar da ta haifar a baya. Amma haske da zafi da amon rada da aka gani kewaye da rokoki, ciki har da na Zarnitsa na Sobiyet a 1973 da 1975, sun wuce abin da karo kaɗai zai iya bayarwa.

To me ya sa feshin ke tsira? Na ɗaya, siriri ne, faɗinsa 'yan mitoci, igiyar da ta fara girma takan fice ta gefe kafin ta ƙoshi. Na biyu, yawan filasma yana sauyawa a kan hanya, gaɓar turin tana gocewa. Na uku, ruftawar nan da Zakharov ya bayyana tana kwashe ƙarfin igiyar daga zangon da ke iya taɓa feshin, wato rikicin da feshin ya tayar shi ne ke kāre shi. Bayan ya yi nisa ya bazu, ƙarfinsa ya ɗan bambanta tsakanin ilektiron da ilektiron, sai ya daina tayar da ƙura, kowa ya kama gabansa. Masu nazarin rana sun san irin wannan ɗaure kai tun 1964, lokacin da Peter Sturrock ya nuna cewa feshin ilektiron da rana ke tofarwa bai kamata ya yi nisa ba, alhali ana kama shi a kusa da duniya bayan tafiyar kilomita miliyan 150.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan tsira shi ne John Winckler na Jami'ar Minnesota. Daga 1970 zuwa 1988 ya tashi rokoki bakwai masu suna Echo, na farko daga Wallops, yawancin na baya daga Poker Flat a Alaska. Yakan harba ilektiron masu ƙarfin da ya kai wajen bolt 40,000 sama, su bi layin maganaɗisu su tsallaka zuwa kudancin duniya, matsewar maganaɗisu ko iskar can ta juyo da su, su dawo cikin ƙasa da sakan ɗaya zuwa 'yan sakanni, sun ɗan gusa gabas. Lokacin da suka ɗauka yana ba da tsawon layin, inda suka faɗo yana ba da labarin ƙarfin lantarkin da suka ratsa. Ba duka ke dawowa ba, wanda ya ɓace ɗin ma ma'auni ne. Winckler ɗin nan ne, yana gwada kyamarar da za a ɗora wa roka a 1989, ya yi dacen ɗaukar hoton farko na walƙiyar da ke tashi sama daga kan hadari. Faransa da Sobiyet su ma sun haɗa hannu a gwajin ARAKS a farkon 1975: roka biyu daga tsibiran Kerguelen a kudancin Tekun Indiya, masu sa ido kuma suna jira a yankin Arkhangelsk na arewacin Rasha, inda ɗaya bakin layin maganaɗisun ya sauka.

A 1985 aka sami awon da ya juya akalar tunani. Kumbon Challenger ya saki wani ɗan tauraro da Jami'ar Iowa ta ƙera, kumbon ya riƙa kewaya shi a tazarar 'yan ɗaruruwan mitoci yana harba feshin bolt 1,000 mai ƙarfin wat 50. Duk lokacin da ɗan tauraron ya ratsa layin feshin sai ya kama wata igiya mai ƙaramin zango, irin wadda ake kira mai fito saboda yadda take ƙara idan aka mai da ita sauti, kuma fasalinta iri ɗaya ne da wanda taurarin ɗan Adam ke kamawa a saman ororar gaske. Ƙarfin igiyar bai kai miliwat biyu ba, wato kashi biyu cikin dubu na wat. Kaɗan ne ƙwarai, amma ya ninka abin da ilektiron za su bayar in da kowanne shi kaɗai yake aiki sau miliyoyi. Ma'ana sun dunƙule suna kaɗawa tare, feshin ya zama eriya.

Eriya irin wannan akwai masu nemanta ido rufe. A ranar 9 ga Yulin 1962 Amurka ta fasa bam ɗin nukiliya mai ƙarfin megatan 1.4 a kilomita 400 saman tsibirin Johnston a Tekun Fasifik. Ilektiron masu tsananin ƙarfi da ya zubar suka maƙale cikin maganaɗisun duniya na tsawon shekaru, suka lalata taurarin ɗan Adam da dama, ciki har da Telstar 1. Guguwar rana ma takan cika waɗannan wurare da irinsu. Igiyoyi masu fito suna iya karkatar da ilektiron da suka maƙale su gangaro cikin iska su mutu, amma samar da igiyoyin da eriyar ƙarfe a cikin filasma aiki ne mai wuya, domin zangon yana da tsawo, filasma kuma tana lulluɓe ƙarfen. Feshin da ake kunnawa ana kashewa dubban sau a sakan zai iya maye gurbin ƙarfen. Wannan ne gwajin Beam-PIE na cibiyar Los Alamos ya tashi aunawa daga Poker Flat a Nuwamban 2023. Ni dai ina ganin alƙaluman 1985 ne ya kamata mai zumuɗi ya riƙa tunawa: wat 50 ya shiga, abin da bai kai miliwat biyu ba ya fito. Sai an ɗaga wannan rabo ninki ba ninki kafin maganar share sararin sama ta wuce takarda.

Girman abin gaba ɗaya ma yana buƙatar a faɗe shi ƙarara, tunda duk gwajin da ya taɓa samaniya ba ya rasa masu jingina masa fari ko girgizar ƙasa, kamar yadda aka yi wa tashar HAARP ta Alaska, wadda ma igiyar rediyo take harbawa daga ƙasa. Bindigar Hess kusan kilowat biyar ce, ta kumbon Atlantis ba ta kai goma ba. Ororar gaske a dare mai ɗan motsi tana zuba gomman gigawat (gigawat ɗaya kilowat miliyan ne) a ɓarin duniya guda, wato ninki miliyoyi, kuma awa da awanni take yi. Tasirin feshin ɗan Adam mai tsanani ne a 'yan mitoci zuwa 'yan kilomitoci, ya kuma shuɗe cikin sakanni. Amfaninsa yana wani wuri dabam: a ororar gaske mai awo yana ganin sakamako ne ya yi ta laluben sanadi, a nan kuwa shi ya zaɓi ƙarfin, ya zaɓi kwana, ya san sakan ɗin da ya danna.

Akwai kuma masu son feshin da ba zai tayar da komai ba. Taurarin Cluster na Turai da aka harba a 2000, da na MMS na NASA a 2015, an ɗora musu bindigogi masu raunin gaske, kwararar wajen kashi ɗaya cikin miliyan na amfiya ko ƙasa da haka. Ilektiron ya fita, maganaɗisu ya lanƙwaso shi ya dawo jikin tauraron, ɗan gocewar da ya yi ta nuna ƙarfin lantarkin wurin.

Babbar tambayar da ta rage ita ce wane yanki na sararin maganaɗisun duniya ne ke haifar da kowane baka na orora. Taswirar layukan da ake amfani da ita lissafi ce, tana kuma kuskurewa daidai lokacin da aka fi buƙatarta, wato lokacin guguwa. Shawarar da ke kan tebur ita ce tauraro a nisan dubban gomman kilomita ya harbo feshi mai ƙarfin bolt miliyan ɗaya, kyamarori a ƙasa su nemi ɗigon hasken. Feshi mai wannan gudu ba ya saurin biye wa igiyoyi, kuma miliamfiya ɗaya kacal ya ba da kilowat guda. Sai dai dole a saita shi kusan daidai kan layin maganaɗisu, kuskuren digiri ɗaya ko biyu ya isa ya sa ya juya tun bai taɓa iska ba. A can kuma filasma ba ta wuce ilektiron ɗaya ko ƙasa da haka a santimita, babu iskar da za a fasa ta kawo ɗauki. Tauraron SCATHA na sojan saman Amurka ya gwada harbi a irin wannan wuri a 1979, da 'yan miliamfiya kawai, tartsatsin cajin ya lalata masa wasu na'urori. Shi ya sa masu tsara sabon aikin suka fi ba da ƙarfi kan na'urar da za ta kewaye tauraron da gajimaren filasma kafin harbi da lokacin harbi, ta yadda ayon masu cajin fozitif za su fice daga gajimaren daidai yawan ilektiron da bindiga ke fitarwa.